Amsar Saƙon Barau

Barau, saƙonka ya same ni jiya da la'asar
ina warware zaren fatsa a bakin ƙofa.
Ka ce hutunka kwana tara ne,
ka sayi sanda mai ƙarfen naɗi, 'yar kanti,
in faɗa maka inda kifi yake a Kaduna.
Na yi dariya har gwangwanin tana ya kife.
Kifi ai yana ruwa.

To, amma zo.
Mu fara da bayan Gamji, da jijjifi,
kafin 'yan yashi su turo kwalekwale su dama kogin.
Akwai dutse mai kama da bayan kunkuru,
a kansa nake zama tun ina aikin masaƙa a Kakuri,
tun jiniya ce ke sallamar mu.
Masaƙa ta rufe, dutsen bai gusa ba.
Karfasa ce a nan, ƙanana, masu wayon tsiya,
su tsotse tana su bar maka ƙugiya tsirara,
kai kuwa kana ta gyara zama.

In kana son abin da zai lanƙwasa sandar nan taka,
sai Kangimi. Bi ta Maraban Jos, ka yi tambaya.
Nemi Jatau mai yatsa huɗu a dama.
Ya ce tsage ne ya karɓi na biyar,
matarsa ta ce injin niƙa ne.
Kar ka miƙa masa kuɗi a gaban mutane,
kai masa goro da batirin tocila.
Shi zai tuƙa ka inda itatuwa suka nutse
tun da aka datse ruwan.
Giwan ruwa na kwana a gindinsu.
Sau ɗaya na ja ta, ita ma ta ja ni,
zare ya yanka tafina kafin ya tsinke.
Na ga gefenta ya walƙa kamar sabon kwanon rufi,
sai ruwa ya rufe bakinsa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
har yau in na rufe ido tana juyawa.

Galma kuwa, in ka nufi Zariya,
jira sai kaka, ruwa ya ja da baya.
Tarwaɗa na laɓe a laka gefen gonakin rake,
hanjin kaza take so, wanda ya kwana.
Kurungu in ya fito yana gunaguni, kar ka biye masa,
ƙayarsa ta fi bakinsa magana.
In minjirya ce, yanke zaren ka bar mata.
Na taɓa riƙe ta,
hannuna bai dawo nawa ba sai bayan magariba.

Ka tambayi Bagoma ta Birnin Gwari.
Na daɗe ban bi hanyar ba, ka san dalili.
Mu bar ta tukuna.

Taho da malafa, da takalmin roba,
da gurasar da ba za ka ji haushin rabawa ba.
Agogo ka bar shi a Kano.
In rana ta faɗi buhunka ba ko ƙarni,
Lantana na suya a Kabala, kusa da mai faci.
Sayi manya biyu, a barbaɗa yaji.
Ba ta taɓa tona asirin kowa ba,
nawa ma yana wurinta.

Saura wuri ɗaya.
Baba ne ya nuna mini, ina ɗan shekara takwas,
ya sa na cire takalmi, ya ce in yi shiru.
Wannan ba ya shiga waya.
In ka zo, ka iya zaman awa uku ba ka ce uffan ba,
ran kwana na takwas zan tashe ka kafin asuba.